Yadda Tsoka Ke Samun Kuzari Ba Tare da Oksijin Ba, da Yadda Za Ka Tsara Atisayenka a Kai

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin unguwa ya san wannan yanayin. Ka kwaso da gudu daga tsakiyar fili har bakin raga, aka ƙwace ƙwallo, ka juyo don tsare gida, kafin ka iso sai cinyoyinka su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, su ɗau zafi, ka dafa gwiwa kana haki. Numfashi kake ja iya ƙarfinka, to mene ne ya ƙare? Matasan da nake taimaka wa da atisaye da yamma amsa ɗaya suke bayarwa: "Asid ne ya taru, Malam." Bayan kwana biyu in ciwon jiki ya hana su tsugunawa, nan ma asid ɗin suke zargi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma mafi yawanta kuskure ne, kuma kuskuren yana da tsada: shi ke sa yaro ya rage hutu inda ya kamata ya ƙara, ya yi ta wahalar da kansa ba ya ganin ci gaba.

Mataki na farko: ka san kuɗin da tsoka ke kashewa

Tuwon da ka ci ba shi ne yake motsa tsoka kai tsaye ba. Ƙwayoyin halittar jiki kuɗi iri ɗaya kawai suke karɓa, wato wani sinadari da ake kira ATP. Duk wata tsoka da ta motsa, ATP ta kashe. Abin mamaki shi ne wanda ke ajiye a cikin tsoka ɗan kaɗan ne, in ka yi gudu iya ƙarfinka bai wuce na daƙiƙa 2 zuwa 3 ba. Dole a riƙa sabunta shi nan take, kuma hanyoyi uku jiki ke bi.

Ta farko wata 'yar ajiya ce a cikin tsokar kanta, sunanta fosfokiriyatin. Ita ce mafi sauri, ba ta bukatar oksijin, amma cikin daƙiƙa 10 na aiki mai tsanani ta yi ƙasa sosai. Ta biyu ita ce farfasa sukari ba tare da oksijin ba, wadda masana ke kira gilaikolisis, ita ce ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin daga wajen daƙiƙa 10 zuwa minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Ta uku ita ce ƙona sukari da kitse da oksijin a cikin wasu ƙananan ɗakuna na ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya. Wannan tana da auki ƙwarai, sai dai tana da jinkirin tashi.

Kada ka ɗauka ana kashe ɗaya ne a kunna ɗaya. Dukansu uku suna aiki a lokaci guda, kason kowacce ne ke sauyawa gwargwadon tsananin abin da kake yi.

Mataki na biyu: ka bi sukarin har inda ya tsaya

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya gane sauran.

Jiki yana adana sukari a matsayin gilaikojin: kimanin giram 400 a tsokokin babban mutum, da kimanin giram 100 a hanta. Idan tsoka ta bukata, sai ta ɓalle gulukos, wato sukarin da jiki ke ƙonawa, daga wannan ajiya ko ta ɗauko daga jini. Kowane gulukos yana da ƙwayar kabon 6. A cikin ruwan ƙwayar halitta, ba a cikin mitokondiriya ba, sai ya bi ta matakai 10, a raba shi gida biyu, kowane rabi mai kabon 3, sunansa fairubet. Kamar kowace sana'a, sai an zuba jari: ana kashe ATP 2 a farko, a samu 4 a ƙarshe, riba 2 ke nan. In daga gilaikojin aka faro, ribar 3 ce.

Daga nan fairubet ya iso mararraba. Idan aikin mai sauƙi ne, kamar tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, sai ya shiga mitokondiriya a ƙone shi da oksijin, jimillar abin da gulukos ɗaya ke bayarwa ya kai ATP 30 zuwa 32. Kwatanta 2 da 30, za ka ga hanyar rashin oksijin asara ce ta fuskar auki. Amfaninta ɗaya ne, sauri. Mai gudun tsere ba ya da lokacin jira.

Idan aikin ya tsananta, ana samar da fairubet fiye da yadda mitokondiriya za ta iya karɓa, sai wata matsala ta taso. Akwai wani sinadari mai suna NAD wanda aikinsa dako ne: yana kwashe haidurojin a mataki na shida na farfasa sukarin. Ka ɗauke shi kamar jarkokin mai ga-ruwa. Jarkokin ƙidayayyu ne. In duk sun cika kuma babu inda za a juye, ɗiban ruwa ya tsaya, komai yawan ruwan rijiya. To abin da tsoka ke yi shi ne ta juye haidurojin ɗin a kan fairubet, sai ya koma laktet, wato abin da matasan nan ke kira asid, jarkoki su zama fanko, aiki ya ci gaba. Ashe laktet ɗin da ake zargi shi ne ya ba ka damar ƙara daƙiƙa 30 ko 40 kana gudu. Ba don shi ba da tuni ka tsaya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da madara kindirmo haka suke yi, suna cin sukarin madara ba tare da oksijin ba, suna fitar da asid ɗin laktik, tushen laktet, wanda ke ba nono tsaminsa. Daga madara mai tsami ne ma wani masani ɗan ƙasar Siwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara tace wannan asid a 1780. Yis ɗin da ke tayar da ƙullin fanke da burodi shi ma hanyar yake bi, sai dai a ƙarshe ya karkata, ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullin da ɗan sinadarin barasa da ke tashi a wuta. Jajayen ƙwayoyin jininka kuwa, su da ke dakon oksijin, ba su da mitokondiriya ko ɗaya, da wannan hanyar kaɗai suke rayuwa. Shi ya sa ko kana kwance akwai laktet a jininka, kimanin milimol 1 (ma'aunin yawan sinadari) a kowace lita. Bayan tseren mita 400 yana iya haura 15.

To zafin cinyar daga ina? Lokacin da ake kashe ATP da sauri haka, ƙwayoyin haidurojin suna taruwa, cikin tsoka ya ƙara tsami, ma'aunin pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 7 zuwa wajen 6.5. Sinadarin fosfet yana taruwa, sinadarin fotasiyam yana fita daga cikin ƙwayoyin tsoka. Haɗuwar waɗannan ce ke rage ƙarfin tsoka tare da tayar da jijiyoyin jin zafi. Laktet yana hauhawa a lokaci guda da su, shi ya sa aka daɗe ana ɗora masa laifi.

Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Zuciya tana ƙona shi a matsayin abinci, haka tsokokin da ba su gaji ba, haka ƙwaƙwalwa. Wani kaso hanta ke karɓa ta mayar da shi gulukos ta dawo da shi jini, zagayen da ake kira da sunan Carl Cori da matarsa Gerty Cori, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1947. Cikin kimanin awa ɗaya bayan ka tsaya, laktet ɗin jininka ya koma yadda yake. Saboda haka ciwon da ke kama ka bayan kwana ɗaya zuwa uku ba nasa ba ne. Ƙananan raunuka ne a zaruruwan tsoka da kumburin da ke biyo baya, musamman daga motsin da tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi. Wanda ya hau Dutsen Dala ya sauko, hawan ne zai sa shi haki, amma saukowar ce za ta fi sa masa ciwon cinya jibi.

Mataki na uku: ka duba lafiyarka kafin komai

Ban yarda a tsallake wannan ba. Atisayen da ke zuwa a ƙasa mai tsanani ne. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai ciwon zuciya ko asma, mace mai juna biyu, da wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, su fara ganin likita.

Ka kuma san rukunin jininka na gado. A ƙasashenmu masu AS suna da yawa, kuma mafi yawansu suna wasanni lafiya lau. Amma tsananin tsami a jini, da ƙishirwa, da zafin rana, su ne ainihin abubuwan da ke iya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jinin mai AS idan aka matsa masa da gudu mai tsanani ba hutu. Mai AS ya ƙara nauyin atisaye a hankali, ya tsawaita hutu, kada a tilasta masa kammala zagaye in ya ce jikinsa ya saki. Mai sikila kuwa, likitansa ne zai tsara masa abin da zai yi.

Alamomin da ke nufin a tsaya nan take a nufi asibiti: ciwon ƙirji, jiri ko suma, rikicewar tunani, tsoka ta mutu ta kasa ɗaukar mutum, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan atisaye. Wannan na ƙarshen alama ce ta cewa tsoka ta lalace tana zubar da abin cikinta a jini, kuma yana iya taɓa ƙoda.

Mataki na huɗu: ka tantance abin da wasanka ke bukata

Tsawon lokacin aiki shi ke nuna hanyar da aka fi dogara da ita. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin ta Jamus a 2009, kusan duk a kan hanyoyi biyun da ba sa bukatar oksijin. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya yi mita 400 cikin daƙiƙa 43.03 a gasar Olamfik ta 2016, kuma wannan tseren shi ne gidan gilaikolisis, shi ya sa ake ganin masu yinsa suna zubewa bayan layi. A tseren mita 400 na mata ne Falilat Ogunkoya ta ciyo wa Najeriya tagulla a Atlanta a 1996. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna rayuwa ne a kan yunƙuri na 'yan daƙiƙoƙi da ake maimaitawa. Ɗan ƙwallo yana bukatar duka: minti 90 na zirga-zirga, da gajerun gudu masu yawa a tsakani.

Su kansu zaruruwan tsoka iri-iri ne. In ka yanka kaza, naman ƙirjinta fari ne, na cinyarta ya fi duhu. Cinya tana yawo yini guda, tana cike da hanyoyin jini da mitokondiriya. Ƙirji kuwa na firgigit ne, ta yi fiffike ta haye katanga, shi ke nan ta gaji. Tsokar mutum gauraye ce ta irin waɗannan biyun, gado yana da hannu a kason kowane, atisaye kuma yana gyara aikinsu.

Mataki na biyar: ka gano iyakarka da gwajin magana

Akwai wani mizani na sauri wanda in ka wuce shi, laktet ke shiga jini fiye da yadda jiki ke kwashe shi. A ɗakin gwaji ana ɗiban jini a yatsa ko kunne, sau da yawa a ɗauki milimol 4 a matsayin alama. Kai ba ka bukatar na'ura. Bayan ka ɗumama jiki, ka fara sassarfa tare da aboki, kana ƙara sauri kaɗan duk bayan minti 3, kuna hira. Muddin kana iya kawo cikakkiyar magana, kana ƙasa da iyaka. In magana ta fara yankewa, kalma uku ko huɗu sai ka ja numfashi, ka iso bakinta. In sai "e" da "a'a" kawai, ka wuce. Ka riƙe saurin da maganar ta fara yankewa, da shi za ka yi aiki.

Mataki na shida: ka shimfiɗa tushe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako 4 zuwa 6 na farko, sassarfa ko tafiya mai sauri ko keke kawai, minti 30 zuwa 40, sau 3 ko 4 a mako, a saurin da kake iya hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako take ba manya shawara. Matasa sukan raina wannan mataki, suna ganin na tsofaffi ne. Amma mayar da fosfokiriyatin da kwashe laktet duk da oksijin ake yinsu. Hakin da kake yi bayan gudu biyan bashin oksijin ne. Wanda zuciyarsa da mitokondiriyarsa suka ƙarfafa shi ke saurin biya, ya sake tashi da gudu abokin karawarsa na dafe da gwiwa.

Mataki na bakwai: atisayen kansa

Kowane zama ka fara da ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15: sassarfa, wurga ƙafafu, tsalle-tsalle marasa nauyi, sannan gajeren gudu sau 3 kana ƙara sauri a hankali. Tsawon filin ƙwallo na manya kimanin mita 100 ne, da shi za ka riƙa awo.

Zama na farko na zafin nama ne. Gudu iya ƙarfi na daƙiƙa 6 zuwa 8, wato kimanin rabin fili, sannan hutun minti 2 zuwa 3, sau 6. A nan ne aka fi yin kuskure. Yaro zai ce bai gaji ba, a bar shi ya sake bayan daƙiƙa 20. Amma fosfokiriyatin kusan rabinsa kawai ke dawowa cikin daƙiƙa 30, cikarsa sai minti 3 zuwa 5. In ka yanke hutun, gudu na uku da na huɗu ba za su kai saurin na farko ba, ka bar koyar da jiki sauri ka koma koyar da shi wahala. Hutun yana cikin atisayen. Ka yi shi kana tattaki a hankali.

Zama na biyu shi ne na gilaikolisis, kuma shi ne mai ɗaci. Gudu mai ƙarfi na daƙiƙa 30 zuwa 40, kamar zuwa ƙarshen fili da dawowa, ba iya ƙarfinka duka ba amma dab da shi. Hutu ya ninka lokacin aiki sau 4 ko 5, wato minti 2 zuwa 3. Ka fara da sau 4, kana ƙara ɗaya duk bayan mako biyu, kada ka wuce 8. Ɗan dambe zai iya musanya gudun da dukan buhu, ɗan kokawa da turereniya da abokin atisaye, mai keke da hawan tudu. Abin da jiki ke koya a nan shi ne jure tsami, da saurin fitar da laktet daga tsoka, da ƙara ajiyar gilaikojin. Ka riƙe agogo: duk lokacin da zagaye ya fi na farko jinkiri sosai, ko gudunka ya wargaje kana wurgi da kai da kafaɗu, zaman ya ƙare, ko da lissafi bai cika ba.

Zama na uku na ɗaga iyaka ne. Gudu a saurin nan da magana ke fara yankewa, minti 4, sassarfa mai sauƙi minti 2 zuwa 3, sau 4. A ganina wannan ya fi amfani ga yawancin 'yan ƙwallo da masu neman shiga aikin ɗamara fiye da na biyun, domin yana matsar da iyakar gaba, saurin da a da ke jefa ka cikin haki ya zama na hira.

Za ka ci karo da tsarin Tabata a intanet: aiki daƙiƙa 20, hutu daƙiƙa 10, sau 8, jimilla minti 4. Daga binciken Izumi Tabata na Japan a 1996 ya fito, kuma a kan matasa masu motsa jiki aka gwada shi, bisa keken gwaji, da tsananin da ba kowa ke iya kaiwa ba. Mai farawa ya bar shi sai nan gaba.

Wajen jera su, zama mai tsanani biyu a mako ya isa, da tazarar aƙalla awa 48. Misali, Litinin na zafin nama, Alhamis na biyu ko na uku, kana musanya su mako-mako, Talata da Asabar sassarfa mai sauƙi. In akwai wasa ranar Lahadi, ka lissafa shi a matsayin zama mai tsanani, ka cire ɗaya.

Mataki na takwas: bayan an tashi

Kada ka zube ƙasa. Tattaki ko sassarfa ta minti 5 zuwa 10 tana sa jini ya ci gaba da zagayawa, laktet ya fi saurin isa inda za a ƙone shi, tana kuma hana jirin da ke zuwa in jini ya taru a ƙafafu. Ba za ta hana ciwon jikin jibi ba, tunda ka riga ka san ba daga nan yake ba. Abin da ke rage wannan shi ne ƙara nauyi a hankali da sabo.

Gilaikolisis sukari kaɗai yake ci, ba ya taɓa kitse, saboda haka wanda ya daina cin hatsi don rage ƙiba zai ga gudunsa ya mutu a zagaye na uku. Ka ci abinci awa 2 zuwa 3 kafin atisaye, bayan an gama kuma ka haɗa mai sitaci da mai gina jiki: shinkafa da wake, fura da nono, dankali da ƙwai, ƙosai da koko. Cika ajiyar gilaikojin da ta ƙare yana ɗaukar kusan yini guda. Da azumi, ajiyar hanta tana raguwa zuwa la'asar ga kuma ƙishirwa, don haka zama mai tsanani ya koma bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi. Da bazara, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram inda zafi ke haura digiri 40, a yi shi bayan asuba ko dab da magariba, da ruwa a gefen fili.

Mataki na tara: ka rubuta

Ka samu ɗan littafi. Ranar da za ka fara zama masu tsanani, ka yi zuwa da dawowa na tsawon fili sau 4 da hutun minti 3, ka rubuta lokacin kowanne. Da gama na ƙarshe ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4, bayan minti ɗaya ka sake ƙirgawa. Bayan mako 6 ka maimaita a fili ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Abu biyu za ka duba: tazarar da ke tsakanin zagaye na farko da na huɗu ta ragu, kuma bugun zuciya yana saukowa da sauri a minti na farko. In duk biyun ba su motsa ba, kafin ka ƙara zagaye ka duba barcinka, da abincinka, da tsawon hutun da kake bayarwa tsakanin gudu da gudu.